Yadda muka tayar da tsohon Johnson 25 na Kawu a Yauri, da wahalar neman kayansa

Injin jirgin ruwan da zan yi magana a kai Johnson ne mai ƙarfin doki 25, ƙirar 1971, silinda biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Na kawuna ne, ya saye shi na hannu tun yana saurayi daga wani da ya taho da shi daga kudu, ya yi aiki da shi tsakanin Yelwa da gungunan da ke cikin ruwa har ƙarfinsa ya fara ja baya, sannan ya jingine shi a ɗakin ajiya ya koma Yamaha kamar kowa. Abin da ya sa aka sake waiwayarsa ba wani sha'awar kayan tarihi ba ne, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma naira ta faɗi, sabon inji ya fi ƙarfin talaka, na hannun ma sai wane da wane, kuma Yamaha E40 ɗin da yaransa ke aiki da shi shan mai gare shi ba kaɗan ba in dai zuwa gona ne kawai a gungu da duba koma. Sai ya ce a duba masa ko wannan tsohon zai tashi.

Duk wanda ya san bakin ruwa daga Yauri zuwa Warra zuwa Malale har New Bussa ya san cewa kasuwar injin jirgi ta Yamaha Enduro ce, E15, E25, E40, su ne bakanike ya sani, kayansu ne a shago, orijina da jabu duka. To matsalar farko ke nan. Bakaniken farko da aka kai wa ko kallon kirki bai yi masa ba ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Na biyun, wani dattijo ne da ya koyi aiki tun lokacin da Johnson da Evinrude ke yawo a kogin Kwara, shi ya karɓa, da sharaɗin cewa shi aiki zai yi, neman kaya namu ne. Oga muke ce masa, ni kuma aka ɗora min neman kayan saboda ni ne mai riƙe da waya.

Kafin a kwance ko noti ɗaya sai da Oga ya sa aka goge wani ɗan faranti da ke jikin maƙalin da ake ɗaure inji a bayan jirgi. Datti da tsohon fenti sun rufe shi, da kananzir da tsumma aka fito da rubutun, 25R71. Wannan lambar ita ce komai. 25 ƙarfin dokin, R na nufin da igiya ake tayar da shi ba da batir ba, 71 shekarar. Da akwai L bayan R ɗin da mai doguwar ƙafa ne, wato sashen da ke sauka cikin ruwa da farfela, inci 20, namu gajere ne inci 15, wanda daga baya ya jawo sai da kafinta ya rage tsayin katakon bayan jirgin don farfela ta nutse yadda ya kamata. Masu Johnson ko Evinrude na 1980 zuwa sama su tasu lambar da haruffa ake ɓoye shekarar, ana amfani da kalmar INTRODUCES, I ɗaya, N biyu, T uku, haka har S ta zama sifili, wato in ka ga CS 1980 ke nan, CE kuma 1989. In ba ka da wannan lambar duk wanda ka kira cewa zai yi turo hoto, hoto kuma ba ya nuna ko ramin shaf ɗinka daidai yake da nasa.

Dalilin da ya sa kayan suka yi wuya kuwa a bayyane yake. Johnson da Evinrude duk kamfani ɗaya ke yin su a Amurka, OMC, Johnson a Waukegan ta jihar Illinois, Evinrude a Milwaukee, suna da masana'anta kuma a Bruges ta Beljiyam. Kamfanin ya karye a Disambar 2000, Bombardier na Kanada ya saye sunayen a 2001, aka daina Johnson wajen 2007, Evinrude ma aka rufe shi a Mayun 2020. Ka ga babu wani dila da za ka je wa a Legas ka ce ba ni kaza. Amma a cikin wannan labarin akwai abin da ya taimake mu, tunda uwa ɗaya ta haife su, Johnson da Evinrude masu doki 18, 20 da 25 na waɗancan shekarun kusan jiki ɗaya ne, fenti da hula ne suka bambanta, kaya da yawa na wannan na shiga wancan.

Oga bai yarda a sayi komai ba sai an tabbatar cikin injin na da rai. Ya cire fulogi biyun, ya ɗura baƙin mai haɗe da kananzir a ramukan, aka bar shi ya jiƙu, don injin ya kafe, filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, ba ya motsi ko kaɗan. Yaron shagon ya so ya sa dogon bututu a kan sifana ya murɗa da ƙarfi, Oga ya daka masa tsawa, ya ce ringi ne ya manne da bango, in ka tilasta shi karyewa zai yi ya kuma kankare silindar, daga nan sai gwangwan ɗin da gaske. A hankali ake girgiza shi gaba da baya da hannu kullum ana ƙara mai har ya saki. Da ya saki aka auna kwamfureshan, duka biyun sun haura 100 a agogon kuma tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, wanda shi ne abin dubawa, in ɗaya ya fi ɗaya da sama da kashi 10 cikin 100 akwai magana. Aka buɗe tof, wato murfin kan silinda, aka leƙa, bangon silinda babu zane mai zurfi, aka kama filawil aka jijjiga gefe da gefe babu wasa a boris ɗin sama. Nan ne Oga ya ce wa Kawu, Alhaji injinka bai mutu ba, barci yake.

Sai lissafin abin da babu. Farfela babu, an ba wani aro shekarun baya ba ta dawo ba, notinta da fil ɗinta duk sun bi ta. Famfon mai an cire. Sifirin ɗin da ke mayar da igiya ya karye. Mahaɗin tiyon mai babu. Ɗan murfin da ke gefen ƙafa babu. Wannan abin da ido ke gani ke nan, wanda ke ciki ya lalace don tsufa kuma daban.

Wani abin da ya ba mu wahala tun ranar farko wanda ba wanda ya yi tunaninsa shi ne sifana. Notocin injin nan duk awon inci ne na Amurka, 7/16, 1/2, 9/16, ba milimita ba. Sifana 11 ko 13 ko 14 za ta yi kamar ta shiga amma ba ta zauna daram ba, kana matsawa sai ta cinye kan notin, noti a cikin alminiyam mai shekara sama da 50 kuwa in kansa ya cinye ka shiga uku. Sai da Oga ya tono tsofaffin sifanoninsa na inci daga ƙasan akwati. Haka kuma duk notin da ya ɓata ba za ka je kasuwa ka sayo na babur ka cusa ba, zaren ba ɗaya ba ne, zai shiga zagaye biyu ya cije ya lalata ramin. A wajen masu gyaran tsofaffin taraktoci muka samu na inci.

Ɓangaren wuta shi ya fi cin lokaci kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Wannan injin ba shi da akwatin wuta irin na zamani, komai na ƙarƙashin filawil, koyil biyu, kwantak biyu, kwandansa biyu, kowace silinda da nata, maganaɗisun da ke jikin filawil ne ke haifar da wutar in yana juyawa. Cire filawil ɗin kansa aiki ne. Akwai ramuka uku a samansa da aka yi don fula, wato ƙarfen da ake zaro shi da shi, a nan ake ɗaurawa a ja, ba a kama bakinsa da fula mai ƙafafu don lanƙwashewa yake, ba a kuma dukan kan karanshaf da guduma kai tsaye. Ba mu da fular, mai walda ya yanko ƙarfe mai kauri ya huda rami uku da na tsakiya, shi ke nan ta yi. Da ya fito muka ga koyil ɗin, robar da ta lulluɓe su ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, kana iya ganin wayar ciki. Duk wanda ya buɗe irin waɗannan injinan masu shekaru haka yake tararwa, shekaru ne kawai. Irin wannan koyil ɗin zai iya ba ka wuta a shago ka yi murna, da ka shiga ruwa danshi ya taɓa shi sai silinda ɗaya ta ɗauke a tsakiyar tafki.

A nan aka yi gardama sosai. Wani mai naɗin koyil na janareta ya ce zai naɗa mana sabo da araha, wani kuma ya ce a maƙala koyil ɗin babur a waje a huta. Kawu ya karkata wajen mai naɗin saboda kuɗi. Na ce Kawu ku yi haƙuri, wannan ba janareta ba ne da in ya mutu za a kunna fitila, a ruwa za a shiga da shi. Oga ya goyi bayana, ya ce wayar da ke ciki ta fi gashi sirantaka kuma dubban zagaye ne, in ba a rufe ta yadda ruwa ba zai shiga ba aikin banza ne. Sa'ar da aka yi ita ce koyil ɗin nan iri ɗaya kamfanin ya yi ta sakawa a ƙananan injinansa tun daga shekarun 1950 har farkon 1970, don haka har yau akwai masu ƙera sabo, irin su Sierra, ba sai ka nemi tsoho ba.

Daga nan muka raba kayan gida uku, ba a takarda ba, a baki dai. Akwai abin da za a iya yi a nan Yauri, akwai abin da sai an samu gawar wani injin a cira, akwai kuma wanda dole sabo, ko daga ina ne.

Na gida bai ba da wahala ba. Gasket ɗin kafireta da na murfin gefe Oga ya yanka da kansa daga takardar gasket, ya ɗora ta a kan ƙarfen yana bubbuga gefen da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Na tof ne kawai ya ƙi, ya ce wannan wuta da ruwa yake rabawa ba a yi masa dabara. Igiya, tiyon mai, duk na Yamaha sun yi. Mahaɗin mai ma aka cire na asalin gaba ɗaya aka sa na Yamaha a inji da tanki, wanda ni a ganina ya fi, don gobe in ya lalace ko a Zamare za ka samu. Famfon mai ma haka, ƙaramin famfo ne da bugun iskar cikin inji ke motsa robarsa, babu wani sirri a ciki, aka ɗauko na wani injin aka yi masa mazauni aka ja masa tiyo daga ramin bugun. Murfin gefen ƙafa aka yanko daga faranti.

Gawar inji ita ce ta sa na san mutane. Na shiga rukunonin WhatsApp na masu gyaran injin jirgi, na tura lamba da hoto, aka yi ta turo min abubuwan da ba su ba, wani ma ya rantse farfelarsa za ta shiga alhali ta Yamaha ce mai haƙora a ciki, tamu kuwa fil ne ke riƙe ta. Mutum ɗaya a Onitsha ya ce yana da komai amma sai na tura kuɗi kafin ya ɗauki hoto, na ce Allah ya ba da kasuwa. Abin da na lura shi ne yawancin tsofaffin injinan nan ba lalacewa ce ta ƙarar da su ba, narkar da su aka yi, jikinsu alminiyam ne mai kyau, 'yan gwangwan na saye a kilo su kai wa masu zubin tukwane. Wato in ka ji labarin akwai guda a wani wuri, gara ka yi sauri. A ƙarshe wani bakanike a Lokoja ya ce akwai Evinrude 18 a bayan shagonsa da fistin ya fasa, amma ƙafar na nan da farfelarta. Na sa ya ɗauki hoton farantin lambar, ya ɗora tef a kan shaf ɗin ya ɗauka, ya juya farfelar a bidiyo ina kallo, sannan aka yi ciniki aka sako shi a mota zuwa Kontagora, daga can zuwa Yelwa.

Gawar nan ta biya kuɗinta. Farfela da noti, sifirin ɗin igiya, notocin inci cike da gwangwani, maƙullin hula, da kayan cikin giya. Kafiretarta ce kawai Oga ya ajiye gefe, ya ce ta 18 ba daidai take da ta 25 ba ko da za ta ɗauru, tamu za a gyara.

Sababbin kuma ta hannun wani ɗan'uwan abokina da ke karatu a Amurka suka zo, ya haɗa ya ba mai zuwa gida. Koyil biyu, kwantak da kwandansa, impela, kayan gyaran kafireta, gasket ɗin tof, tamostat mai daidaita zafin inji, da sil-sil na giya. A eBay akwai masu sayar da tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba yana cikin kwalinsa na asali, yana da kyau in ƙarfe ne, amma in roba ce ko koyil kar ka yarda, robar da ta shekara 40 a kwali ta tsufa daidai da wadda ke cikin injinka. Gaskiya kuɗin kayan bai kai zafin canjin dala da ɗawainiyar kawowa ba, shi ya sa na sa aka sayo impela biyu da kwantak saiti biyu lokaci guda.

Wajen ɗaura koyil akwai ƙa'idar da in ba a bi ba za ka ji filawil na gurza. Ƙafar ƙarfen koyil ɗin dole ta zo daidai da gefen mazauninta da aka goge a jikin farantin, Oga da farce yake shafawa, in farcen ya maƙale ya sassauta ya gyara. Buɗin kwantak 0.020 na inci, kusan rabin milimita, ana aunawa lokacin da ya buɗe iyakarsa, sannan a goge bakin da farar takarda don ko maiƙon yatsa na hana wuta. Wayar fulogi mai jan ƙarfe a ciki aka sa, ba irin ta mota mai baƙin zare ba. Da za a mayar da filawil ya wanke mazaunin ya bushe ƙarau babu giris, ya duba ɗan makullin da ke saita shi, ya ɗaure notin da sifana mai awo tsakanin 40 da 45 a awon ft-lb. In notin bai ɗauru ba makullin ke yankewa, lokacin wuta ya gurɓace, ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage kana zagin kafireta.

Fulogi ma akwai tarko. Nasa Champion J4C ne ko J6C, buɗinsa 0.030, kuma gajeren zare gare shi. Na Yamaha da ke ko'ina a kasuwa faɗin zaren ɗaya ne, zai shiga lafiya lau, amma ya fi tsawo, yana leƙawa cikin silinda fiye da kima. A shagon masu injin ban ruwa muka samu gajeren.

Kafireta ba ta da wani labari mai tsawo, tsohon fetur ya bushe ya zama kamar ƙaro, aka jiƙa aka hura kowane rami. Abin da ke tasowa a cikin kwanon man na toshiya ne irin ta bakin kwalba, ya sha mai ya yi nauyi, aka sa sabon na roba. Allurar silo aka mayar da ita a hankali har ta zauna sannan aka dawo da ita zagaye ɗaya da rabi, sauran saitin sai a ruwa.

Ƙafar ita ce wuri na biyu da ya kamata in tsaya. Ba ta fita sai ka buɗe ɗan murfin nan na gefe ka kwance sukurun da ya haɗa sandar giya ta sama da ta ƙasa, wanda bai sani ba zai cire notoci ya yi ta ja yana mamaki. Impelar da muka tarar, wato robar nan mai fukafukai da ke tura ruwa sama ya sanyaya inji, fukafukan sun kakkarye saura guntaye, kuma guntayen ba ɓacewa suke ba, suna hawa bututun ruwa su toshe. Oga ya sa tiyo daga sama ya koro su da ruwa, tare da su har da ƙasar gidan zanzaro da ya gina a hanyar fitar ruwan. Man giyar da ya fito fari-fari ne, alamar ruwa ya shiga. A jikin akwatin giyar akwai sukurori biyu masu tsaga ɗaya, na zuba mai da na fitarwa, akwai kuma wani na uku mai kan kuros a kusa da su. Wannan na ukun shi ke riƙe da abin da ke tura giya, wanda ya cire shi da sunan zai zubar da mai sai ya farke akwatin duka kafin ya koma. Oga ya ce injina da yawa a nan suka mutu a hannun yara.

Mu dai dole ne ma mu buɗe, don Kawu ya ce tun kafin ya ajiye shi yana fizgewa daga giya in an ba shi wuta, kamar an daki jirgin daga ƙasa. Dalilin shi ne ɗan ƙarfen da ke zamewa a kan shaf ya kama giyar gaba ko ta baya, kunnuwansa sun goge sun yi kwana. Abin da ke cinye shi kuwa sa giya a hankali ne, mutane na ganin lallaɓawa ce alhali ƙarfen na ta karo da juna, ana rage wuta ne a tura giyar lokaci ɗaya. Na gawar Lokoja da giyar gabanta sun fi namu lafiya, aka musanya su tare. Akwatin biyu yake rabewa, tsakaninsu akwai siririyar roba kamar taliya da ke kwanciya a cikin kwari, ana yanka ta ta ɗan fi kwarin tsawo kaɗan a shafa gam. Da aka rufe Oga ya hura iska da famfon keke ya tsoma a bokiti ya ga babu kumfa, sannan ya ɗura mai daga ramin ƙasa har ya fito ta na sama.

A cikin durom aka fara tayar da shi, ruwa ya haura inda famfon yake, don ko na ɗan lokaci aka kunna shi a bushe sabuwar impelar ta tafi. Ya yi tari, ya yi hayaƙi ya cika layin saboda man da aka jiƙa shi da shi, sannan ya kama. Nan take 'yan kallo suka fara ihu a kashe a kashe ba ya fitsari. Sun saba da Yamaha mai tsartuwar ruwa ta gefe. Wannan ƙirar ba ta da shi, ruwan na fita ne feshi-feshi tare da hayaƙi ta ramin da ke bayan ƙafa, Oga ya tara hannu a wurin ya nuna musu ya jiƙe, ya ɗora tafinsa a kan tof ya riƙe yana ƙirgawa, da ɗumi amma ba ya ƙuna. Wasu sun ba da shawarar a cire tamostat a jefar kamar yadda ake yi wa motoci a nan, ya ƙi, ya ce injin da bai ɗumama ba fulogi yake ci.

Haɗin mai 50 ne da 1, wato rabin lita na baƙin mai a jarka mai lita 25, kuma man injin ruwa mai alamar TC-W3, ba baƙin man mota da ake aunawa a kwalba ba. Kawu ya dage cewa shi da can ninki biyu yake zubawa. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, injinan kamfanin na kafin 1964 haɗinsu 24 da 1 ne, tsofaffin direbobi da shi suka saba suka ci gaba da yi wa kowane inji, amma na 1971 ba ya buƙata, hayaƙi ne kawai da toshewar fulogi.

Fil ɗin farfela shi ne abin da har yanzu nake faɗa da yaran Kawu a kai. An yi shi ne don ya karye. Tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968 tafkin ya haɗiye dazuzzuka da garuruwa, kututturan itatuwa na nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya suna dab da sama ba ka ganinsu. In farfela ta daki ɗaya, fil ɗin ya yanke, ka ɗaga inji ka sa wani ka wuce. In ka sa ƙusar kankare ko guntun sifok mai tauri don kar ya dame ka, dukan zai wuce ciki ya samu giyar da sai da muka je har Lokoja kafin mu samu, ta biyu kuma babu. Mai tana, wato mai injin fere ƙarfe, ya yanko mana da yawa daga sandar tagulla daidai kaurin na asali, an ɗaure su a leda a jikin hannun tuƙi tare da filaya.

A ruwa ya yi abin da ake so. Da aka gyara allurar silo yana cikin giya ya zauna lafiya, ba ya fizgewa, da ja ɗaya ko biyu yake tashi da safe. Da mutum uku da buhunan shinkafa kaɗan yana ɗaga ƙaramin jirgin ba tare da kuka ba, man da yake sha zuwa gungu da dawowa bai kai na E40 ba. Sai dai fa ba a ɗauki lokaci ba babban ɗan Kawu ya kawo maganar a ɗora shi a babban jirgi ranar kasuwa a ɗauki fasinja. Ni da Oga muka ce a'a, kuma ba don injin ba shi da lafiya ba. Silinda biyu ne masu cc 360 gaba ɗaya, ba a yi shi don jirgi mai ɗaukar mutane da babura da buhuna ba, kuma duk wanda ke yankin nan bai manta jirgin da ya nutse kusa da Warra a Mayun 2021 ba da yawan mutanen da aka rasa. Injin da in wani abu ya karye a cikinsa sai an jira mai zuwa daga Amurka, ba shi ne za a dogara da shi kullum da rayukan mutane ba. Kawu ya yanke hukunci, gona da koma kawai, kuma ba a fita da shi sai da filafili biyu a jirgi.

Abin da ya rage yanzu farfela ce, guda ɗaya tal gare mu kuma gefen fiffikenta ɗaya ya ɗan ci, mai walda ya cike amma ana jin 'yar rawa in an ba shi wuta sosai. Na bar saƙo a Lokoja da Jebba da Baga, duk wanda ya ga gawar Johnson ko Evinrude 18, 20 ko 25 ta wajejen 1960 zuwa farkon 1970, ko da kan ya fashe in dai ƙafar na nan, dan Allah a duba farantin lambar kafin a ɗora ta a sikeli.